An Sallamo Shi Daga Asibiti, Sai Kuma Me?

Iyaye da yawa suna ɗauka ranar da aka sallamo ɗansu daga asibitin Dawanau, ko na Kware, ko na Barnawa, magana ta ƙare. Ya yi makonni bai sha komai ba, ya murmure, idonsa ya washe, yana sallah a kan lokaci. Sai a yi sadaka, a gode wa Allah, kowa ya kama gabansa. Masu aikin kula da 'yan shaye-shaye kuwa sun san a ranar ce aikin yake somawa. Yaron ya dawo unguwar da ya bari. Kemis ɗin da ke miƙo masa tramol ta bayan kanta yana nan a kan kwana, majalisarsu ta bayan isha'i ba ta watse ba, lambar dilansa tana cikin wayarsa. Ga zaman banza tun hantsi har dare. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan koma ruwa, kuma watannin farko su ne mafi haɗari.

Likita ba zai iya bin kowa gida ba. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya gano 'yan Najeriya miliyan 14.3, tsakanin shekara 15 da 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Likitocin ƙwaƙwalwa a faɗin ƙasar kuwa ba su kai 300 ba. Wannan giɓi ne yake tura iyaye gidajen mari, kuma an ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa a Satumbar 2019, inda suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Sarƙa tana hana mutum zuwa wurin dila, amma ba ta koya masa abin da zai yi ranar da aka kwance shi.

Mai koya masa wannan, sau da yawa, shi ne wanda ya taɓa shiga halin ya fita.

A Mayun 1935 wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson ya je garin Akron na jihar Ohio kan harkar kasuwanci, harkar ta rushe. Yana da 'yan watanni da barin giya. Ya tsaya a zauren otal ɗinsa yana jin hayaniyar mashaya daga gefe guda, ransa yana jan sa. Maimakon ya shiga, sai ya nufi wayar tarho ya fara neman wani mashayi, ko wane ne, da zai zauna su yi magana. Aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith, wanda giya ta kusa kashe masa sana'a. Likitan ya ce minti 15 kawai zai bayar, suka ɓata sa'o'i suna hira. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali, sannan a 1953 aka kafa takwararta ta masu shan ƙwaya, Narcotics Anonymous, a Kalifoniya. Abin lura a labarin shi ne Wilson bai je don ya ceci likitan ba. Kansa ya je ceto, kuma har yau mai taimakon yana amfana kamar wanda ake taimaka wa.

An daɗe ana gardama ko wannan zama yana da amfani a kimiyyance. A 2020 masana na cibiyar Cochrane suka tattara bincike 27 da suka shafi mutum sama da 10,000, suka ga shirye-shiryen da ke haɗa mashayi da irin waɗannan ƙungiyoyi sun kai, wani lokaci ma sun fi, sauran hanyoyin ba da shawara na asibiti wajen riƙe mutum bai koma ba. A kan giya aka yi wannan bincike, hujjar da ake da ita kan ƙwaya ba ta kai wannan ƙarfi ba, amma ita ma can ta karkata. Mai ganin abin na Turawa ne ya dubi Iran, ɗaya daga cikin ƙasashen da Narcotics Anonymous ta fi ƙarfi a duniya, ko Musulmin Baltimore da suka kafa Millati Islami a 1989 bisa tuba da dogaro ga Allah.

Dalilin tasirin wannan zama ba ɓoyayye ba ne. Ɗan ƙwaya gwani ne wajen yi wa mahaifiyarsa rantsuwa, amma ba ya iya yaudarar wanda ya taɓa yin irin rantsuwar. In ya ce “ciwon kai ne kawai ya hana ni barci”, wancan ya san abin da ake nufi. Kuma a gabansa babu kunya, don wanda ya taɓa sayar da wayar ƙanwarsa saboda kwalbar kodin ba zai zaro ido ba in ya ji an ɗauki kuɗin cefane. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Majalisa ce ta koya masa sha, kuma ba a raba matashi da majalisa a bar shi shi kaɗai a ɗaki, sai dai a ba shi wata.

Haka abin yake ga masu ciwon damuwa da sauran larurorin ƙwaƙwalwa. A asibitin Butabika da ke Kampala an horar da waɗanda suka taɓa kwanciya a can suna ziyartar waɗanda aka sallama a gidajensu. A nan gida, Hauwa Ojeifo ta kafa She Writes Woman a 2016 bayan ta fito fili ta faɗi larurarta, ta buɗe zaman da mata ke magana ba tare da tsangwama ba.

To, iyali ta ina za su fara? Ta wurin likita. Wanda ya daɗe yana shan giya, ko rochi da diyazefam, in ya yanke lokaci guda yana iya faɗuwa da jijjiga har ya rasa ransa, barin tramol ma yana da nasa azabar. Wannan matakin na asibiti ne. Kafin sallama kuma, a tambayi ma'aikacin jin daɗin jama'a na asibitin, ko sashen ba da shawara na hukumar NDLEA, ko akwai zaman da tsofaffin majinyata ke yi, ko wani da ya warke da za a haɗa su.

Ba kowane tubabbe ne ya isa wannan aiki na zama abokin tafiya ba. A nemi wanda ya yi aƙalla shekara bai sha ba, yana da sana'a, kuma shi ma yana da wanda yake kai wa kuka. Kada kuɗi su shiga tsakaninsu, ko rance ko ajiya. Namiji da namiji, mace da mace. Binciken 2018 ya nuna ɗaya cikin huɗu na masu shan ƙwaya mace ce, amma a cibiyoyin magani mata 'yan ƙalilan ne, saboda matar aure ko budurwa ta san abin da tonuwar asiri zai jawo mata. Zaman mata zalla, a cikin gida ko a ajin Islamiyya bayan an tashi, shi ne kaɗai ƙofar da yawancinsu za su iya shiga.

Inda babu ƙungiya, mutum huɗu ko biyar sun isa su fara. Rana ɗaya a mako, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, ko da zaure ne da tabarma da butar shayi. Kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance, ba a katse shi, ba a yi masa wa'azi. Wa'azi yana da muhallinsa, kuma liman zai taimaka ƙwarai in ya ba da wuri ya kuma kare su daga tsegumin unguwa. Abin da aka faɗa a zauren amana ne. Uba kada ya tsare abokin tafiyar ɗansa da “Malam, me ya gaya maka?”, domin ranar da yaron ya gane ana kai rahotonsa, ya daina magana ke nan.

Akwai iyaka da bai kamata a tsallake ba. Abokin tafiya ba ya rubuta magani, ba ya kuma cewa a daina wanda likita ya bayar, ko da shi ya daina nasa lafiya. Duk wanda ya fara zancen kashe kansa, ko yana jin muryoyi, ko ya kwana uku bai runtsa ba, a kai shi asibiti a ranar, wannan ba sirrin da ake riƙewa ba ne.

In kuma ya koma ya sha, kada a kore shi daga zaman, kada a ɗauko mari. A dai san cewa jikin da ya yi watanni ba ƙwaya ya daina jure adadin da ya saba, don haka shan farko bayan hutu shi ne ya fi kisa. Idan aka same shi yana munshari mai nauyi, ba ya farkawa, numfashinsa yana ja da baya, leɓɓansa sun canja launi, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa madara ko manja, a garzaya da shi asibiti mafi kusa tare da kwalin abin da ya sha.