Tun Jariri Yana Ciki Haƙoransa Ke Ginuwa

Uwargida, ko kin san cewa haƙoran da za su fito wa jaririnki yana ɗan wata 6 sun fara samuwa tun cikin yana wata na 2? A wata na 4 kuma suke fara yin tauri.

Ga yadda abin yake. Jikin ɗan tayi yakan fara shimfiɗa wani furotin mai suna amelojenin, kamar yadda magini ke kafa katako kafin ya zuba kankare. Shi ne ke jera sinadaran kalsiyam da fosfet su zauna daidai. Da aiki ya kammala sai jiki ya kwashe furotin ɗin, ya bar farin ɓawon haƙori, wanda kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne. Sau ɗaya tak ake gina ɓawon nan. In ya fito da rauni ba ya sabuntuwa, kuma ruɓewa takan kama shi da wuri.

Saboda haka mai ciki ta riƙa samun wake, ƙwai, kifi, dafaffiyar madara da zogale. Maigida, wannan cefanen a wuyanka yake. Kada kuma a sayo mata kafson tetirasaikilin a kemis, domin yana rina haƙoran yaro su yi ruwan ƙasa.