Lambar da Ke Bayan Wayarka Tana da Aiki

'Yan'uwa ɗalibai, ku danna *#06# a wayarku. Lambobi 15 ɗin da suka fito su ake kira IMEI, kuma kowace waya da nata. Haka abin yake a masana'anta: batir da sauran kayan ciki suna da lambar zubi, mai nuna wanda ya ƙera su da lokacin da aka ƙera. Ajiye wannan bayanin shi ne bin diddigi.

Sai matsala ta taso ake ganin amfaninsa. A 2016 wayar Galaxy Note 7 ta riƙa kamawa da wuta, har kamfanin Samsung ya janye wajen miliyan biyu da rabi. Da yake an san inda batirin kowace waya ya fito, bincike ya nuna kamfanoni biyu ne suka yi su, kuma kowanne da nasa aibin daban.

To, mu dawo gida. A kasuwannin Bagudo, dab da iyakar Benin, za ka ga caja da batirin sola ba suna, ba lamba. In cajar ta ƙona maka waya, wa za ka riƙe? Mai shago zai ce dila ne, dila ya ce shi ma haka ya saro. Shi ya sa hukumar SON ke neman takardar SONCAP kan kayan lantarkin da ake shigowa da su.

Masu furojet, ku buɗe littafi. Duk abin da kuka saya ku rubuta lambarsa, shagon da ranar. In bod ya ƙi tashi ana gobe difens, littafin nan ne zai nuna muku inda za ku fara dubawa.