Tsakanin Tashi daga Makaranta da Barci: Shawarwari ga Iyaye a Sabon Tasha

A shekarar 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka faɗi, aka sallame su. An daɗe ana cacar baki a kan lamarin. Abin da ba a taɓa yi ba shi ne a yi wa gida irin wannan jarrabawar, alhali yaro awa shida ko bakwai yake yi a aji, sauran yinin yana hannunmu. Daga Unguwar Boro zuwa Kamazou iyaye na cin bashi su biya kuɗin makaranta, amma da yamma littafin yaro bai da wurin da za a buɗe shi.

1. A ware masa wuri da fitila. Ko ɗaki ɗaya ne a gidan haya, akwai kusurwa. Benci da tabarma sun isa. A buga ƙusa a bango don rataye jaka, saboda ɓera da danshin damina. Wutar NEPA kuwa ba abin dogaro ba ce, don haka a sayi fitila mai caji ko ta sola, a ce ta karatu ce kawai. Kada a wayi gari an mai da ta ta shiga banɗaki.

2. A tsayar da awa ɗaya da kowa ya sani. Ba za ka ce wa yaro ya ɗauki littafi ba kai kana gefe kana kallon fim a waya. A kashe talabijin, a rage rediyo. In gidan mai ɗakuna da yawa ne, a yi magana da maƙwabta, domin su ma suna da yara. In ƙarar janareto da ihun gidan kallon ƙwallo sun hana, a mai da karatun asuba.

3. A yi wa ɗan riƙo adalci. Nan ne nake ganin gidaje da yawa suke faɗuwa, har da na masu tsoron Allah. Gida nawa ne a Sabon Tasha babu yarinya ko yaron da aka kawo daga Zonkwa, Kagoro, Kwoi, Kachia ko Kafanchan, aka ce wa iyayensa “zai yi karatu a Kaduna”? Sai ka tarar yarinyar ce ta fara tashi, ita ce ta ƙarshen kwanciya. Ɗiban ruwa nata, wanke-wanke nata, goyon jariri nata, tsaron shago nata. 'Ya'yan gida na aikin makaranta, ita tana murhu. Ƙarshen zango sakamako ya zo, a ce ai dama ba ta da ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa tana da ita, lokaci ne aka hana ta. A rubuta rabon aiki a takarda a manna a bango, sunan kowane yaro da ranarsa, maza da mata. Lokacin karatu ya yi, ita ma ta ajiye tsintsiya. In kuma iyayenta sun kasa aiko da abin da suka saba, kamar yadda manoman citta suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi a 2023 da cuta ta cinye gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko, kada a riƙa yi mata gori a bakin tukunya. Ba ita ta kawo cutar ba.

4. Kada ya fita da ciki wayam. Koko da ƙosai, ɗumamen tuwon jiya, ko dafaffen dankali. Mai jin yunwa ba ya jin malam.

5. A tambaye shi da harshen gida. Uwa ta kan ce, “Ni ban yi boko ba, me zan koya masa?” Mama, ba sai kin iya Turanci ba. Ki ce, “Zo nan, me Malam ya koya muku yau? Faɗa mini da Jju,” ko Tyap, ko Gbagyi, ko Hausa. In ya iya juya darasin zuwa harshen da aka yi masa reno da shi, ya gane. In ya tsaya yana maimaita Turancin allo kamar aku, hadda ce kawai ya yi. Kuma wadda take auna mudu, ta ba da canji a kasuwa ba tare da kuskure ba, ta fi ƙarfin a ce ba ta san lissafi ba. Ki ba shi cinikin yau ya tara, ki duba.

6. Ranar karɓar sakamako, a ajiye bulala. “Na nawa ka zo?” ita ce tambayar da muka gada, kuma ba ta gyara komai. A buɗe takardar a ga wane darasi ne ya ja shi ƙasa. Kalmar “daƙiƙi” in ta fito daga bakin uba, yaro kan ɗauke ta kamar sunan yanka. Haka ma “dubi ɗan wane”. Daga nan a je a ga malam, ba don faɗa ba. A gaishe shi, a ce, “Malam, a ina yaron nan yake da rauni, me za mu yi a gida?” Uban da malam ya san fuskarsa, ɗansa ba ya ɓacewa a cikin aji mai cunkoso.

7. A guji wuraren da ake sayen jarrabawa. Kowa ya san su. Kiredit biyar na WAEC ko NECO da aka saya ba sa raka yaro ɗakin JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta. Kuɗin da za a ba masu wannan harka, a biya masa 'yan awanni a shagon kwamfuta tun yana aji biyar na sakandare, hannunsa ya saba.

8. A saurari tsoronsa. Ranar 5 ga Yuli, 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 100 daga makarantar Bethel Baptist da ke kan hanyar Kachia, sannan a Maris 2024 aka sake kwashe wasu ɗalibai a Kuriga. Duka a ƙaramar hukumar Chikun ne, kuma yara suna jin hirar manya. Wanda ya fara ƙin makaranta ba dalili, ko firgita cikin barci, kada a yanke masa hukuncin lalaci. A zaunar da shi a tambaya a hankali, in ya cancanta a sa fasto ko liman ko wata goggo da yake sakin jiki da ita. A haɗa shi tafiya da yaran maƙwabta, a gaya masa wanda kaɗai zai iya ɗauko shi daga makaranta, kuma ya haddace lambar wayar mutum biyu a gida.