Yadda ake tsara na'ura mai ƙafa shida

Na'ura mai ƙafa shida faranti biyu ce: na ƙasa a kafe, na sama yana motsi, sai ƙafafu shida masu miƙewa da tsukewa, kowace da gaɓa mai juyawa sama da ƙasa. Eric Gough na kamfanin Dunlop a Ingila ya ƙera ta don gwajin taya, ta fara aiki a 1954, amma sunan Stewart, wanda ya yi rubutu a kanta a 1965, shi ya bi ta. Ita ce ke girgiza akwatin koyon tuƙin jirgin sama. Makanikin da ya saba da jak zai gane ƙafa ɗaya da kallo. Wuyar aikin sa shida su ja tare.

Mai tsarawa yakan fara da nauyin da za a ɗora da iyakar motsin da ake so, sannan ya sanya gurbin gaɓoɓi goma sha biyu. Gano tsawon kowace ƙafa daga matsayin faranti aikin ɗan sakandare ne, auna tazara kawai. Akasinsa ne ya ci shekarun masana: tsawo shida ɗin nan na iya ba da matsayi har 40, kuma sai a 1998 Dietmaier ya nuna na'urar da duka 40 ke yiwuwa a kanta.

Inda gwani ke fita daban shi ne farautar matsayin sakewa. Akwai tsayuwar da ko an ƙulle ƙafafu duka, farantin zai sulale, kuma tun kafin a kai can nauyin da ke kan ƙafa yakan haura har ƙarfe ya lanƙwashe. Sabon shiga yakan zana faranti biyu masu kusurwa shida daidai wa daida, don sun fi kyau a ido. Wannan na'ura a sake take ko'ina. Shi ya sa ake matso da gaɓoɓi bibbiyu, ƙafafu su tsaya a gicciye. Ko a haka, juya farantin sama digiri 90 yana kai shi ga sakewa. Sai a sa kwamfuta ta bi filin motsin taki-taki, tana duba jadawalin lambobi shida sau shida da ke haɗa motsin ƙafafu da na faranti. Inda ƙimarsa ta doshi sifiri, a gusa gaɓa, a sake lissafi.

Bayan walda kuma a sake auna kowane gurbi, a shigar da ainihin ma'aunin cikin kwamfutar, domin ƙarfe ba ya fitowa yadda takarda ta ce.