Gem da Fim Ɗin Faɗa: A Ji Daɗi da Lissafi

Ɗan'uwa matashin unguwar New Bell, ba laifi ba ne ka kalli Jackie Chan yana tsalle-tsallensa, ko ka buga ƙwallon PlayStation a shagon gem. Amma tun daga gida ka ware sefar da za ka kashe, don "wasa ɗaya kawai" kan cinye cinikin yini. In an kira sallah, ka ajiye. Ka duba lambar shekarun da ke jikin kwalin gem ko fim: mai 18 ba na ƙannenka ba ne. Ka gwada gem ɗin Aurion, wanda Kiro'o Games na Yawunde ya fitar a 2016. Ɗan ƙwallo Samuel Eto'o a unguwar nan ya taso, don haka da la'asar fito fili ka taka leda, jiki ma ya samu rabonsa.