BA A FAFE GORA RAN TAFIYA: YADDA A KE KAFA WA KWAMFUTA ZANGON KOMAWA

Jama'ar kwaleji, malamai da ɗalibai, darasinmu na wannan fitowa a kan kwamfutar gida ne. Yanzu da wuya ka shiga ɗakin malami ba ka tarar da ita ba, ko ta tebur ko ta ɗauka a jaka. A cikinta a ke tsara darasi, a cikinta a ke buga tambayoyin jarrabawa, a cikinta kuma a ke tara makin yara. Amma in ka tambayi mai ita abin da ya tanada domin ranar da za ta ƙi tashi, sau da yawa sai ya yi shiru.

Mu ɗauka ga wani ɗalibi yana zaune a Angwan Iya, nan cikin Keffi, an tura shi gwajin koyarwa a wata firamare. Daren Lahadi ya gama tsara darussansa na mako, ya ari firinta wurin maƙwabci don ya buga. Firinta ta ƙi aiki, sai ya shiga intanet ya samo wata manhaja ya sa mata. Kwamfuta ta ce a kashe a kunna. Ya kashe, ya kunna, sai ta nuna saƙon kuskure ta tsaya cik. Ga shi kuwa da safe malamin da zai duba aikinsa zai zo. Darussan nan suna ciki lafiya lau, ƙofa ce ta rufe. In ya kai wa mai gyara, mai yiwuwa a ce sai an wanke ta kaf an sake zubi, aikin wata da watanni ya bi ruwa.

Da ɗalibin nan ya ba da 'yan mintoci kafin ya sa manhajar, ya yi abin da za mu koya yau, da ya mai da kwamfutarsa daidai a daren nan, ya kwanta da kwanciyar rai.

MENE NE ZANGON KOMAWA?

A da, fataken da ke bi ta Keffi zuwa bakin Binuwai daga zango zuwa zango su ke tafiya. In ayari ya ɓata hanya, ba ya komawa har gida, sai ya koma zangon da ya baro ya sake ɗaukar hanya. To, haka abin ya ke a kwamfuta. Akwai dabarar da za ka sa ta rubuta halin da ta ke ciki yau, tana lafiya, ta ajiye. In gobe wani abu ya ɓata ta, sai ka ce ta koma halin nan na yau. Sunan abin da Turanci "restore point", mu kuwa a darasin nan za mu kira shi zangon komawa.

Abin da ta ke ajiyewa iri huɗu ne. Na ɗaya, fayilolin da su ke tafiyar da ita kanta. Na biyu, manhajojin da aka sa mata. Na uku, direbobi, watau ƙananan manhajojin da ke sada ta da firinta da lasifika da sauran kayan da a ke jona mata. Na huɗu, rajista. Kamar yadda kowane aji ke da rajistar da ta nuna sunan kowane yaro da halinsa, haka kwamfuta ke da tata, inda aka rubuta yadda aka saita kome. In rajistar nan ta rikice, kwamfuta ta rikice.

ASALIN DABARAR

Kamfanin Microsoft na Amurka, wanda Bill Gates da Paul Allen suka kafa a 1975, shi ne mai Windows, watau babbar manhajar da ke tafiyar da yawancin kwamfutocin da mu ke amfani da su. A cikin Windows Me, wadda ta fito a shekarar 2000, aka fara sa dabarar nan. Ta zarce cikin Windows XP ta 2001, da Windows 7 ta 2009, da Windows 10 ta 2015, har zuwa Windows 11 ta 2021. Ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin ya rufe tallafin da ya saba bai wa Windows 10, amma dabarar zango tana nan tana aiki a cikinta. Matakan da za mu bi ɗaya ne a Windows 10 da 11.

Kada wani ya ɗauka gwani ba ya faɗa wa irin wannan wahala. Ran 19 ga Yuli, 2024, wani gyara mai kuskure da kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya aika ya tsai da kwamfutoci a ƙasashe da yawa, har jiragen sama suka kasa tashi, aikin bankuna da asibitoci ya tsaya. Microsoft ya ƙiyasta yawansu ya kai miliyan 8.5. Yawancinsu na manyan ma'aikatu ne, ba na gida ba, amma darasin ɗaya ne: ƙaramin canji na iya kayar da inji mai lafiya.

YADDA A KE KAFA ZANGO

Da ya ke rubutun da ke kan allon yawancin kwamfutocinmu da Turanci ne, zan kawo kalmomin kamar yadda za ku gan su. Sai kuma ku shiga da sunan mai ikon kwamfutar, don ba ta yarda wa baƙo ya taɓa wannan wuri.

1. Danna maɓallin nan mai hoton taga da ke ƙasa wajen hagu a kibod, ka rubuta "Create a restore point". In sunan ya bayyana, ka latsa shi. Wani ƙaramin akwati zai buɗe a shafin "System Protection".

2. Duba tsakiyar akwatin, za ka ga jerin faifan ajiya. Nemi wanda ke da harafin C, don a nan Windows ta ke zaune. In an rubuta "On" a gabansa, kariya tana aiki. In "Off" ne, to, ba a ajiye maka kome. Ku lura da wannan ƙwarai, gama kwamfutoci da yawa a kashe su ke zuwa, mai su kuwa bai sani ba sai ran da ya nema.

3. In a kashe ta ke, zaɓi faifan C, ka latsa "Configure", ka zaɓi "Turn on system protection".

4. A ƙasa akwai wani ɗan ma'auni da a ke ja da linzami, shi ne ke nuna filin da ka ware wa zanguna. Shawarata ka ba su kamar 5 cikin 100. In faifanka mai gigabait 256 ne, filin zai kama wajen gigabait 13. Sa'an nan ka latsa "OK".

5. Yanzu latsa "Create". Za ta nemi ka ba zangon suna. Ba shi sunan da zai tuna maka dalili, kamar "kafin sa firinta". Kada ka wahala da rubuta kwanan wata, ita da kanta ta ke sa rana da sa'a.

6. Sake latsa "Create", ka jira. Ba a daɗe ba za ta gaya maka an gama. Rufe akwatin. Shi ke nan, zango ya kafu.

YAUSHE YA KAMATA A KAFA?

Masu ba da tarihin garin nan sun ce sunan Keffi daga "kafi" ya samo asali, watau shingen itatuwa da a ke kewaye gari da shi, tun zamanin Abdu Zanga wanda ya kafa garin wajen shekarar 1800. Ba a yin kafi bayan mahara sun iso. Haka kuma ba a kafa zango bayan kwamfuta ta lalace, gama zangon da aka kafa cikin ciwo, ciwon zai mai da kai.

Saboda haka kafa shi kafin ka sa sabuwar manhaja, da kafin ka jona sabon abu mai bukatar direba, da kafin ka ba wani aron kwamfutarka, da kuma ranar da ka karɓo ta daga mai gyara ka ga tana aiki sosai. Gaskiya ne in kariya tana kunne Windows kan kafa zango da kanta kafin wasu manyan canje-canje, amma ba kowane canji ta ke yi wa haka ba. Wanda ka kafa da hannunka, shi ka tabbata da shi.

Ku sani kuma zango ba ya dawwama. In filin da ka ware ya cika, sai ta share mafi tsufa ta sa sabo. Tun daga gyaran watan Yuni na 2025, Windows 11 samfurin 24H2 ba ta riƙe zango fiye da kwana 60. In kuwa ka kashe kariya, duk zangunan da ka tara sun tafi. Don haka mai hankali ya kan kafa sabo ko da sau ɗaya a wata.

YADDA A KE KOMAWA

In kwamfuta tana tashi amma ta rikice, buɗe akwatin nan na ɗazu, ka latsa "System Restore", sa'an nan "Next". Za ka ga jerin zanguna da sunayensu da ranakunsu. Zaɓi wanda aka kafa kafin ɓarnar ta auku. Kafin ka ci gaba, latsa "Scan for affected programs", za ta nuna maka manhajojin da za su fita da waɗanda za su dawo. In ka yarda, latsa "Next", sa'an nan "Finish". Za ta mutu ta tashi da kanta.

In kuwa ta ƙi tashi sam, kamar ta ɗalibinmu na Angwan Iya, kada hankali ya tashi. In Windows ta kasa tashi sau biyu ko uku a jere, ta kan buɗe wani shafin gyara. A nan sai ka bi "Advanced options", da "Troubleshoot", da "Advanced options" kuma, za ka tarar da "System Restore". In faifanka a kulle ya ke da BitLocker, za ta nemi mabuɗi mai lamba 48. Nemo shi ka rubuta a takarda tun yau.

Ga gargaɗi babba. In aikin komawa ya fara, ba a katse shi. Ya kan ɗauki mintoci, wani lokaci har ya haura sa'a guda. Mu kuwa mun san halin wuta, tana iya ɗaukewa ba sallama. In ta jaka ce, cika batirinta tukuna, ka bar ta a jone. In ta tebur ce, kada ka fara sai kana da batirin tsaro, ko janareta mai isasshen mai. Wutar da ta ɗauke a tsakiyar aikin nan tana iya barin kwamfuta cikin halin da ya fi na farko muni.

ABIN DA ZANGO BA YA YI

Nan ne mutane su ka fi yin kuskure. Zango ba ya taɓa takardunka da hotunanka. Wannan alheri ne ta gefe guda, don in ka koma zangon makon jiya, darasin da ka rubuta jiya yana nan. Amma ta ɗaya gefen, in ka share tambayoyin jarrabawa da kuskure, kada ka dogara ga zango ya dawo maka da su.

Har wa yau, a cikin faifan kwamfutar a ke ajiye shi. In faifan ya mutu, ko tsawa ta ƙone injin da damina, ko ɓarawo ya ɗauke, to, zango da takardu duk sun tafi tare. Kuma ba maganin cutar kwamfuta ba ne. Muguwar manhajar nan WannaCry, wadda ta bazu a duniya cikin watan Mayu na 2017, ta kan kulle takardun mutane ta nemi fansa, ta kuma yi ƙoƙarin share irin ajiyar nan don kada a sami hanyar komawa.

Saboda haka aiki biyu ne, kowanne da gurbinsa. Zango domin lafiyar injin, kwafi kuwa domin takardu. Kwafe darussa da makin yara a filashi kowace Juma'a, ka ajiye filashin a wani wuri dabam, ba cikin jakar kwamfutar ba. Makin yaro amana ne a hannun malami, ba kuwa hujja ba ce a ce wa iyaye inji ya cinye.

TAMBAYOYI

1. Faɗi abubuwa huɗu da zangon komawa ke ajiyewa.
2. Don me ba shi da amfani a kafa zango bayan kwamfuta ta lalace?
3. Wani malami ya share rajistar makin ajinsa da kuskure. Zango zai cece shi? In ba zai cece shi ba, me ya kamata ya yi tun farko?
4. In faifai mai gigabait 500 ne, aka ware 5 cikin 100, gigabait nawa ke nan?
5. Wane tanadi za ka yi game da wuta kafin ka fara komawa zango?

AIKI

Kowa ya duba kwamfutarsa yau, ko ta ɗan'uwansa da izininsa, ya ga kariya a kunne ta ke ko a kashe. Ya kafa zango ɗaya, ya rubuta sunansa da ranarsa a littafin aiki. Wanda ya iya kuwa ya koya wa na kusa da shi, gama abin da aka horar da mu mu yi ke nan.