Amsoshin Tambayoyinku: Yaya masu kallo suka karɓi fim ɗin Murder Mystery?

Wata mai sauraro daga Katsina na tambaya ko fim ɗin nan na Adam Sandler da Jennifer Aniston ya samu karɓuwa. To malama, ya samu, amma ba wurin kowa ba.

Netflix ya fitar da shi a watan Yunin 2019. Labarin wani ɗan sandan New York ne da ya kasa cin jarrabawar zama jami'in bincike, da matarsa mai gyaran gashi wadda ba ta rabuwa da littattafan bankaɗo masu kisa. Sun je yawon buɗe ido Turai, aka kashe wani attajiri cikin jirgin ruwan alfarma, zargi ya faɗa kansu.

Masu sharhi da yawa sun ce barkwancin ba gishiri, labarin kuma an sha jin irinsa. Jama'a ba su saurare su ba: kamfanin ya ce sama da gidaje miliyan 30 suka kalla cikin kwana uku, har fim ɗin ya lashe kyautar People's Choice ta fim ɗin barkwanci. Rigingimun ma'auratan sun fi neman mai kisan armashi.

Kashi na biyu ya fito a 2023.